Ranar da Inna Ta Naɗe Kafet

A shekarun da kuɗin mai suka cika gari, duk gidan da ya amsa sunansa a Fagge sai ka ga kafet. Baba ya samu ciniki a atamfa, shi ma ya sayo wani ja mai gashi, aka malale ɗakin Inna bango zuwa bango.

Ba a daɗe ba ƙanwata ta fara: atishawa, ido jawur, ƙirji yana kuka. Da ta fara shaƙewa sai a rufe taga, a ƙara turaren wuta, wai don ta ji daɗi. Haka kowa yake yi.

Wata nas 'yar Ibo a Sabon Gari ce ta ba da magani, ta kuma gaya wa Inna cewa ƙura da hayaƙi ne ke toshe wa yarinyar numfashi.

Inna ba ta jira Baba ya dawo daga kasuwa ba. Ta ci ɗamara, ta naɗe kafet ɗin nan ita kaɗai, ta ja shi zaure. Katifar rimi ta bi bayansa, aka sa ta soso. Ta jingine tsintsiya, siminti sai jiƙaƙƙen tsumma safe da yamma. Zanin gado kuwa sai ruwan zafi da rana. Kai, har kaskon turarenta! Ita da ake zuwa daga cikin birni roƙon haɗin turarenta, ta kife shi bayan randa.

Baba ya yi faɗa, ba kaɗan ba. "Cewa za a yi na karye!"

"Su faɗa, Alhaji," in ji Inna. "Numfashin 'yata nake so."

Sun kuwa faɗa. Mata suka ce ɗaki fayau ba ƙamshi, sai ka ce asibiti. Inna ta yi dariya ta miƙa musu ruwa. Wallahi ban taɓa ganin mace mai tsayayyar zuciya irinta ba.

Bayan damina, wani yammaci Baba ya shigo, ƙanwata ta tare shi da gudu, ta shiga ba shi labarin akuyar maƙwabta da ta cinye mana tuwo, tiryan-tiryan, ba ta tsaya neman numfashi ba. Baba ya yi sororo yana kallonta, idonsa ya ciko.

"Hajiya," ya ce a hankali, "ashe yarinyar nan surutu gare ta?"