Jakunan Kusada Arba'in

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, malamin da ke duba bincikenmu na kammala digiri ya raba mana batutuwa bisa layin zuwa. Motar da na hau daga Kankiya ta tsaya canjin taya, na isa na ƙarshe. Abin da ya rage a takardarsa shi ne lafiyar jakunan dako. Ya ce in auno guda arba'in, tsawo da faɗin ƙirji da yanayin tafiya.

Na ari tef ɗin awo wurin wani tela na shiga kasuwar Kankiya da ƙarfin gwiwa. Ba wanda ya bar ni na taɓa jakinsa. Lokacin masu sayen jakuna don fata sun addabi mutane, kowa ya ga tef a hannuna sai ya ja dabbarsa ya yi gaba. A Rimaye har wani tsoho ya biyo ni da sanda.

Sai na tuna kawuna na Kusada yana da jaki ɗaya, tsoho, mai ɗingishi a ƙafar baya ta hagu. Na auna shi ran Asabar, na rubuta jaki na ɗaya. Na auna shi ran Lahadi, na rubuta na biyu. Haka na yi ta yi har kwana arba'in. In ya ƙoshi ƙirjin ya ƙaru, in ya kwana da yunwa ya ragu, don haka lambobin suka ɗan bambanta, na ji daɗi. Jakin ya saba, da ya hango ni sai ya gyara tsayuwa.

Kawu ya gaji ya ce, "Kai ɗan nan, riga za ka ɗunka mashi ne? Mi ya yi maka?"

Malamina da ya karanta rahoton da na kai masa sai ya miƙe tsaye. Ya ce jakuna arba'in duk suna ɗingishi da ƙafa ɗaya, wannan ba ƙaramin abu ba ne, na gano wata cuta da ta keɓanta da yankinmu. Na buɗe baki zan yi magana, ya riga ya rubuta mini maki mafi girma a ajin. Na rufe bakina.

Da wannan ɗingishin na samu gurbin digiri na biyu. Da shi na samu aikin koyarwa a kwaleji, na yi aure, na sayi mota. A taruka ana gabatar da ni a matsayin masanin ƙafar jaki, ina gyaɗa kai kamar wani likita. Jakin ya daɗe da mutuwa, amma a takarda su arba'in ɗin suna nan suna ɗingishi. Duk lokacin da aka ambaci aikin sai in sauya zance.

Bara aka ba ni ɗalibai in duba nasu binciken. Wata yarinya 'yar Sukuntuni ta zaɓi ci gaba da nawa. Na so hana ta, na rasa dalilin da zan ba ta. Wata biyu ta yi tana bin ƙauyuka, tana roƙon masu jakuna har suka yarda da ita. Ta dawo ofishina da littafi duk ya yi datti, idonta ya yi ja.

Ta ce, "Malam, ka yi haƙuri. Na auna arba'in da biyar, ko ɗaya ba ya ɗingishi. Na san ni ce ban iya ba. In gyara lambobin su yi daidai da naka?"

Biro na hannunta, ta riga ta cire murfin. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Na ce ta mayar da murfin, ta ja kujera ta zauna, akwai abin da zan gaya mata.