Jar Buta a Gaban Sitiyari

Jama'a, yau saura ƙiris in kashe injin motar yayana!

Ya tafi Kumasi, ya bar mini ita. Shekaranjiya wata jar fitila ta kama a gaban sitiyari, da hoton buta tana ɗiga. Na ce buta ai ruwa take nufi. Na cika lagireto da ruwa. Jiya ma na ƙara. Fitila ta ƙi mutuwa.

Yau bayan awa biyar a layin fetur, na kama hanyar Sagnarigu, sai inji ya fara ƙwaƙ-ƙwaƙ. Na gangara garejin Masta Kofi, makanikin yaya.

Ya taso da gudu. "Malam, kashe! Kashe!"

Ya zaro sandar gwada mai. A bushe ƙamas!

Na ce, "Buta ta nuna, na ba ta ruwa."

Ya ce, "Gwangwanin baƙin mai ne wannan! Da ka ci gaba, da inji ya tafi, kuma ko a Kumasi babu kayan gyara yanzu."

Baƙin man ma babu a gari. Na motarsa ya tsiyaye mini.

Zan tafi, ya leƙo ta taga. "Malam, mota ba ta alwala."