Ranar da Balaraba Mai Banda Ta Ce Biyu

Matso kusa, ja bakin tabarmar nan ka zauna. Yau babu dodo a labarina, babu aljana. Wata mata ce ta Warra, Balaraba mai banda, wadda in ka taɓa sayen busasshen kifi mai ƙamshin itacen ƙirya a kasuwar bakin ruwa, to wataƙila daga hannunta ya fito.

A wani ɗan tsibiri aka haife ta, wanda yanzu sai dai masunta su nuna maka da filafili su ce, "Ga shi nan ƙarƙashinmu." Tana 'yar ƙarama ruwan tafki ya hau, aka kwashe su zuwa tudu. Nan ta girma cikin hayaƙi, nan ta auri Sule masunci. Shi ya kamo, ita ta feɗe ta jera a kan banda. Idanunta kullum ja, muryarta kuwa in ta ɗaga ta wajen ciniki, na cikin jirgi ma sai ya waiwayo.

'Ya'yanta uku, amma in ka tambaye ta sai ta ce biyu. Kada ka yi mamaki, kunyar 'yar fari ce. Rahila, babbar, tun da aka yaye ta aka miƙa ta ga kakarta Tamada, uwar Sule, ita take kira Inna. Balaraba ba ta taɓa kama sunan yarinyar da bakinta ba. In ta matsu sai ta ce "ɗiyar tsohuwa". Ba ta kallonta a gaban mutane, ba ta aikenta. Sai dai in ta sauke kifi, tsokar tsakiya mai maiƙo za ka gani a kan katangar Tamada, ba wanda ya ga mai ajiyewa. Haka uwarta ta yi mata, haka ita ma ta yi, shekara goma sha uku.

To, shekara biyu da yanke mana jihar Kebbi, ƙaramar Salla ta faɗo cikin zafin bazara. Matan da ke banda suka ce su ma bana sai sun ga abin da 'yan boko ke zuwa gani a gandun namun daji na hayin tafki. Delu, ƙanwar Sule, ita ce uwar tafiya. Ta samo bas ɗin Shu'aibu direba, aka sa rana, kwana uku bayan Salla. Tamada ta so zuwa, sai ƙafa ta tashi mata a daren. Da asuba ta turo Rahila bakin mota, da sabon kallabinta kore.

"Ga ta nan. Ku kai min ita, ku maido min ita," in ji tsohuwa.

Ba ta ce wa take ba wa ba. Delu ta ɗauka ai uwar na nan. Balaraba ta ɗauka ai gwaggon na nan. Yarinya ta shige can baya ta zauna a kan kwandon guzuri.

Hanya ce mai nisa, sai an zagaya ta madatsar ruwa. Suka iso ƙofar gandu rana ta take, suka tarar kamar kasuwa ta ci. Motocin 'yan makaranta, na ma'aikata, na 'yan yawon Salla, an yi layi har kan titi. Kowa na danna ham, kowa na cewa shi ya riga zuwa. Ƙa'idar wurin, kowace mota takarda ɗaya, a rubuta yawan mutanen ciki, a haɗa ta da ma'aikacin gandu mai bindiga. Wanda azahar ta yi bai samu takarda ba, sai gida. Wasu samari da suka zo a ƙafa sai leƙen motoci suke, suna neman inda za su maƙale.

Ma'aikacin da aka ba su, Ishaya, wani dogo mai kaki, ya tsaya a bakin ƙofar bas ya ɗaga murya don samarin su ji.

"Duk wanda muka samu cikin dajin nan babu shi a takarda, a wurinmu ɓarawon nama ne. Ɗaure shi za mu yi. Kun ji ni?"

Sai ga malamin ƙofa ya hau, gumi na ɗiga a kan littafinsa. Babu wurin ratsawa zuwa baya, daga nan inda yake ya riƙa nuna mata da biro.

"Ke, ke da yara nawa?"

"Ni da ɗaya," in ji Delu.

"Ke fa, mai jan ido?"

"Ni da biyu," in ji Balaraba. Bakinta ya saba, ko tunani ba ta yi ba.

Aka haɗa, ashirin da bakwai. Ya buga hatimi ya sauka da sauri, don na baya sun fara dukan jikin mota. Daga kan kwandon guzuri, Rahila ta ji abin da Ishaya ya ce, ta kuma ji abin da uwarta ta ce. Ta sunkuyar da kai ta ƙara ƙanƙancewa.

Cikin daji an sha kallo. Sun ga barewa, sun ga gwanki, sun ga birai a gefen hanya suna kallon mutane kamar su suka biya. Delu ta nuna wani tsohon biri mai furfura ta ce, "Balaraba, ga yayana Sule ya biyo ki."

"Ai dangi ne, shi ya sa kika gane shi," in ji Balaraba. Mota ta kaure da shewa.

Bayan la'asar aka tsaya a bakin wani kogi inda dorina ke kwana cikin ruwa, nan ne kawai ake barin mutane su sauka. Mota bakwai suka haɗu a lokaci ɗaya. Jama'a suka yi dafifi a gaɓa, ana ture-ture, kowa na son gaba. Rahila fitsari ya matse ta tun safe. Da Tamada na nan da ta raɗa mata. Uwarta kuwa ba a saba ba. Sai ta zame ita kaɗai ta zaga bayan wani kurmi.

Ba ta daɗe ba wani yaro daga wata motar ya jefa dutse cikin ruwa. Ashe da ɗa a gefen dorinar. Uwar ta taso, ta wage baki, ta yo gaɓa ruwa na tsagewa. Wayyo, ka ga gudu! Takalma, gyale, goyo, kowa ta kansa. Ma'aikata na busa usur, direbobi sun tada injin. Ishaya ya tsaya bakin ƙofa yana dafa kan kowa yana ƙirgawa. Ashirin da biyar, da shida, da bakwai. Ya duba takarda.

"Mun cika. Direba, ja!"

Balaraba tana kujerar bayan direba, ƙananan biyu a jikinta. Sai da numfashinta ya dawo ta ɗaga ido ta saci kallon madubi, yadda ta yi ta yi tun safe. Ta nemi koren kallabi. Ita ta saye shi a ɓoye ranar jajibere, ta ba Tamada ta ce a ce daga Sule ne. Babu shi. Ta ce a ranta, ta sunkuya ne. Aka wuce wata gada, ta sake dubawa. Babu.

"Delu," ta ce, ba ta waiwaya ba, "ku na baya duk kuna nan?"

"Muna nan, sai takalmina ɗaya da na bar ma dorina sadaka."

Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta so ta faɗi abin a fili. Mata goma sha ne a motar, wasunsu sa'o'in uwarta. Ta ce wa aka bari? Ta ce 'yata? Gobe kasuwar Warra duka za a ji Balaraba ta zubar da kunya a gaban direba da baƙon namiji. Ta ce a ranta, bari mu kai ƙofa, in an sauka zan gan ta. Rabin sa'a suka yi a hanyar nan, kuma wannan rabin sa'ar har yau ba ta yafe wa kanta ba.

A ƙofa malamin ya sa kowa ya sauka ya ƙirga da kansa. Ashirin da bakwai. Ya sake buga hatimi. "Allah ya kiyaye hanya. Ku matsa, shida za mu rufe."

Mata suka fara hawa. Shu'aibu ya murza makulli. Balaraba na tsaye, ta bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya, a fili wannan karon.

"Ba mu cika ba," ta ce.

"Hajiya, takarda ta ce kun cika."

"Takarda ba ta haihu ba. Akwai yarinya a ciki."

Delu ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Rahila! Ba ki ƙirga ta ba? Ke uwarta?"

"Ni na ce ke za ki faɗa."

"Ta shiga wata motar cikin gudu," in ji Shu'aibu. "Wallahi hanya da nisa, ku hau mu tarad da su gaba."

Balaraba ta zagaya ta zauna a ƙasa gaban tayar mota. "To taka ni ka wuce."

Ishaya ya dubi rana, ta sauko kan itatuwa. Ya tsai da motoci uku da ba su riga sun fita ba, aka leƙa, babu kore. Ya ruga wurin shugabansu, ya dawo da landiroba da wani abokin aikinsa.

"Uwar kaɗai za ta zo. Sauran ku jira nan."

Suka kama hanyar kogi. Balaraba 'yar ruwa ce, ba sai an gaya mata ba: in rana ta faɗi dorina ke fitowa tudu kiwo, kuma duk abin da ya tsaya tsakaninta da ruwa ba ya ba da labari.

Gaɓar da ɗazu ta cika da mutane yanzu tsit, sai takalma a warwatse. Ishaya ya haɗa hannu a baki.

"Rahila! Rahila!"

Shiru. Abokinsa ya busa usur. Shiru. Daga cikin kogi aka ji gurnani, sai wani ya amsa daga can ƙasa. Ishaya ya zaga bayan kurmi, ya ga sawun ƙafa ƙarama ya nufi wajen manyan itatuwa ya ɓace cikin ciyawa. Ya tsaya ya dubi kakin jikinsa.

"Tana jinmu," ya ce a hankali. "Mu take tsoro. Ni na tsorata ta da bakina da safe, ta san babu ita a takarda. Baiwar Allah, ke za ki kira ta."

Balaraba ta buɗe baki. "Ke! Ɗiyar tsohuwa!" Muryar da ke tsallaka kasuwa ta fito siririya kamar ta mara lafiya.

"Da sunanta!"

Ciyawar bakin ruwa ta motsa. Wani baƙin abu kamar rumbu ya tako tudu, ruwa na zuba daga bayansa. Ishaya ya sauke bindiga daga kafaɗa.

Balaraba ta ja numfashi har ƙasan cikinta.

"Rahila! Rahilatu, ɗiyata! Ni ce, amsa min!"

Tsuntsaye suka tashi. Sai can, daga saman wata tsamiya, wata 'yar murya ta ce, "Na'am."

Tsamiyar tana kan turbar da dorina ke bi, kuma dorinar can ta nufa. "Kada ki sauko! Riƙe reshe!" in ji Ishaya. Suka faɗa mota, abokinsa ya ratsa ciyawa da ita yana danna ham, ya tsaya daidai gindin itacen. Dorinar ta ja ta tsaya, ta kaɗa kunne, ta wage baki. Ishaya ya hau rufin mota ya miƙa hannu. Yarinya ta saki reshe ta faɗo masa, ya zura ta ta taga, suka yi baya da baya har turba.

Sai da kogi ya ɓace musu sannan Rahila ta dubi uwarta. Leɓenta ya bushe, kallabin ya yage.

"Kin ce biyu," ta ce.

Balaraba ta sunkuya. Ta jawo ƙafafun yarinyar ta ɗora a cinyarta, ta riƙa cire ƙaya ɗaya bayan ɗaya, har suka iso ƙofa ana kiran magariba.

Malamin ya buɗe littafinsa, ya soke ashirin da bakwai. Ya dube ta ta saman tabarau. "To Hajiya, mu sake. Ke da yara nawa?"

Matan Warra duk suna tsaye suna sauraro.

"Ni da uku," in ji Balaraba.

Washegari ta shiga gaida Tamada. Labari ya riga ta, Delu ba ta kwana da shi ba. Tsohuwa na shafa man zafi a ƙafa, ba ta ɗago ba.

"An ce kin yi rashin kunya cikin daji, har namun dawa sun shaida."

"Na yi, Inna."

"Hm. Ni nawa na farin, ruwa ya ci shi yana shekara tara. Ina gaɓa ina kallonsa ya yi nisa da kwalekwale, kunya ta hana ni kira." Ta rufe kwalbar man. "Tashi ki je, kifinki zai ƙone."

Kada ka zaci daga ranar ta sauya. Ta koma ga "ɗiyar tsohuwa", tsokar tsakiya ta koma kan katanga. Abu ɗaya ne kawai: duk wanda ya tambaye ta yawan 'ya'yanta, ko mai allurar rigakafi ne ko baƙuwa a kasuwa, sai ta ce uku, ta kau da kai. Rahila kuwa takan ce sau biyu ta ji sunanta a bakin uwarta, duka a numfashi ɗaya, kuma har yanzu in dorina ta yi gurnani a tafki sai ta kasa kunne.

Kai da ke zaune kana saurare, da kai ne a kujerar bayan direba, mata goma sha na jin numfashinka, a wace gadar za ka buɗe baki?