Rawanin Baba da Ƙasusuwan Sito

A shekarun da nake dako a wani sito bayan tashar jiragen ruwa ta Jidda, babu mai iƙama, wato takardar izinin zama, a cikinmu. Umra muka zo, muka maƙale. Ƙa'idarmu ɗaya ce: in ka ji an ce askar, wato 'yan sanda, ka yar da ko me kake ɗauke da shi, ka bi ta ƙofar baya.

Wata rana da hantsi wani akwatin katako ya suɓuce mana, gefensa ya fashe. Sai ga ƙasusuwa sun gangaro daga cikin auduga, masu kauri, ruwan ƙasa, da nauyi kamar dutse. Shugaban siton, wani Bayamale mai saurin firgita, ko tambaya bai yi ba, ya ruga wajen tarho.

Kowa ya fara sulalewa, ban da Baba, wani dattijo Bakatsine da ke yi mana wankan gawa a unguwar Hindawiyya. Ya warware rawaninsa ya shimfiɗa, yana tsince ƙasusuwan yana jerawa a kai, yana salati. Na ja hannunsa, na tuna masa matarsa da 'ya'yansa mata. Ko gezau. Haushi ya turnuƙe ni, har na ɗaga masa murya.

"Yalla, Baba, halas, mu tafi! An fa kira su."

"Je ka, ɗana. Ba a barin mamaci yashe a ƙasa."

Ina jin jiniya na bi ta baya.

Washegari Bayamalen ya ba mu labari. Wakilin mai kayan ya iso bayan askar, riƙe da hoto. Wai ƙasusuwan wani tsuntsun teku ne, fengwin, irin na zamanin da ba a yi ɗan Adam ba. Tsaye yake tafiya, tsawonsa ya kai na mutum, kuma ba ya tashi sama. Daɗewa ce ta mayar da su dutse, wajen baje koli za a kai su. Askar suka sha dariya, aka rufe akwati. Sannan suka ce Baba ya kawo iƙamarsa.

Ba mu sake ganinsa ba, daga gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora, jirgi aka sa shi zuwa gida. Ni aka ba rawanin in kai wa matarsa, wadda ta riga ta ji cewa wajen suturta wasu ƙasusuwa aka kama shi. Ta karɓa ta ninke, ba ta yi kuka ba. Can ta tambaye ni ko an dai yi wa mamacin sutura.

Na ce mata an yi.