Ɗorawa Bakwai, Rabon Hajjo

Duk wanda ya ci miyar kuka a ƙauyukan Kutama shekaru ashirin baya, ko bai san fuskar Hajjo ba ya san hannunta, domin daddawarta ce a cikin miyar. Kalwa zalla take yi, ba ta haɗa ta da waken suya irin na 'yan yanzu. In ta buɗe ƙwaryarta a kasuwar Gwarzo, sai 'yan tumatir da ke can ƙarshen layi su ce Hajjo ta iso. Doguwar mace ce mai faɗa, ba a taka ta ta yi shiru. Ta yi zaman aure a Gammo ta ƙasar Kabo har shekara goma sha ɗaya, Allah bai ba ta haihuwa ba, da mijin ya rasu ta naɗe tabarmarta ta dawo gidan ubanta.

Uban bai daɗe ba shi ma ya cika. Su biyu ya bari, ita da ƙaninta Ja'afaru, sai gona guda a bakin ƙorama da ɗorawa bakwai a cikinta. Da malamai suka zo rabon gado, kashi ɗaya cikin uku na gonar nata ne. To amma a wajenmu bishiya mai 'ya'ya dukiya ce mai zaman kanta, ana iya raba ta da ƙasar da take kai: gona ta wane, ɗorawar ciki ta wance. Hajjo ta dubi gonar, ta dubi itatuwan, ta ce, "Ni ba miji, ba ɗa, wa zai riƙe mini fartanya? Ku ba yaron nan ƙasarsa, ku bar mini ɗorawa." Aka shafa fatiha, kowa yana yaba wayonta, Ja'afaru har da ƙwalla yana cewa Allah ya bar zumunci. Duk taron nan ba a sami mutum ɗaya da ya ce mata bishiya ba a sama take tsaye ba.

Shekarun farko kam ta ci daɗi. Da bazara ta ɗauki maƙata ta tsinko ɗorawa har ɗaki ya cika, ta sayar da garin, ta sayar da makuba ga masu daɓe, ta tara kalwa buhu-buhu. Sai dai daddawa ba abin da take ci kamar itace. Yini guda cur ake dafa kalwa kafin ta yi laushi, a surfe ta da toka, a wanke, a sake mayar da ita wuta, sannan a rufe ta kwana uku ta ruɓa. A lokacin wannan ba damuwa ba ce. Dajin bayan gari cike yake da geza da sabara da marke, mace ta fita da hantsi ta dawo kafin azahar da damin da ya fi ƙarfin wuyanta.

Sai dajin ya fara ja da baya. 'Ya'ya sun yi yawa, gonakin gado sun zama kamar tabarmin salla, kowa ya shiga sheme daji don ƙarin gona. Abin da manoma suka bari, masu gawayi suka zo da injin yanka suka ƙarasa, motoci suna kwasa zuwa Kano kullum. Hajjo ta koma kara, kara ya zama na sayarwa. Ta koma kashin shanu, masu shanu suka hana, wai taki ya yi tsada gonarsu za su kai. Wata shekara tana zaune da kalwa buhu huɗu a ɗaki, murhunta a sanyaye, ta ɗaga kai ta tuna tana da itace har bakwai.

Busassun rassa ta fara sa Baƙo mai gatari ya sauko mata da su. Da suka ƙare, ta ce ya taɓa ɗanyu kaɗan, a shanya. Ɗorawar da aka yi wa aski kuwa sai ta shekara biyu uku ba ta yi 'ya'ya ba. Da ta ga haka sai ta yi dabara irin ta talaka: ta zaɓi wadda ta fi rowar 'ya'ya, ta ce a kayar da ita gaba ɗaya, ta ciyar da wutar sauran shidan. Ranar ba ta je gonar ba, ta zauna a tsakar gida tana zagin kaji. Haka ta ƙona uwa don ta dafa 'ya'ya, kuma itacen bai kai ta shekara biyu ba.

Daga nan abin bai tsaya ba. Ta biyu ma murhu ya cinye. Ta uku Ja'afaru ne ya yi ta tara yayi a gindinta yana cinna wuta, wai inuwarta tana kashe masa dawa, har ta bushe a tsaye, ya ce iska ce ta kai wutar. Shekarar da hatsi ya yi tashin gwauron zabo, Hajjo da kanta ta kira masu gawayi ta ba su biyu a bakin buhun masara, ta raba masarar da gidan Ja'afaru saboda 'ya'yansa tara suna kwana da ruwa a ciki. Ta shida kuwa ba wanda ya taɓa ta, ganyenta kawai ya zube bai dawo ba. Ko kututturan ba su tsira ba, mata suka bi su da sungumi suka tone har saiwa.

Huɗu daga cikinsu a bakin ƙorama suke, ashe su ne suke riƙe da gaɓar. Damina biyu kacal ruwa ya yi yana gutsura, ƙoramar da akuya take tsallakewa ta zama kwarin da raƙumi zai shiga ba a gan shi ba. Gefen gonar Ja'afaru ya tafi da shukarsa. Shi da ya yi ta ƙorafin inuwa, shi ne ya zo ya tsaya a ƙofar ɗakinta yana cewa ta sare itatuwa ta jawo masa zaizaya. Ta wanke shi tas, maƙwabta suna ji, amma da ya fita ta zauna ta yi kuka, don ta san akwai gaskiya a maganarsa.

Saura ɗaya, babbar cikinsu, wadda mutum uku ba sa iya rungume ta. Ita ce abincin Hajjo, ita ce maganinta, ita ce sabulunta. Ba ta ƙara yarda gatari ya kusance ta ba. Ta rage sana'ar zuwa tukunya ɗaya a mako, tana tsintar ƙirare da totuwar masara a bakin hanya, ga ta ta haura sittin, bayanta ya fara rankwafawa.

Bara da rani sai ga masu tifa. Kwarin ya tono yashi mai kyau, irin wanda magina suke nema. Suka yi magana da Ja'afaru, ya ce su ɗiba, tun da gonar ta daina ba da dawa gara ta ba da yashi. Leburori suka shiga da shebur, suna ci suna matsowa, har saiwar ɗorawar ta fara leƙowa daga jikin gaɓa. A shekarar kuwa ta yi 'ya'ya kamar ta san ana kallonta, reto-reto har rassa suna sunkuyawa, sai dai ɗanyu ne shar. Mako uku ya rage su nuna.

Hajjo ta same shi a bakin kwarin yana kallon ana loda mota. Matar da ba ta taɓa roƙon kowa ba, ranar ta sassauta murya.

"Ja'afaru, ka ce su koma can ƙasa su ɗiba. Mako uku kawai, in tsinke abina."

"Yaya, can ƙasa laka ce, ba sa so. In na ce su tsaya, gobe gonar maƙwabcina Sharfaddeen za su koma, ba kuma za su dawo ba."

"Ni na goya ka fa."

"Na sani, Yaya. Goyon zan dafa wa yara?" Bai ko dube ta ba. "Ai in ana dara, fidda uwa ake."

Ta wuce wajen mai unguwa ko mayafi ba ta gyara ba. Ya saurare ta har ta gama, ya sa aka kira Ja'afaru.

"Ka taɓa mata bishiya?"

"Ranka ya daɗe, ko ganye ban tsinka ba."

"To Hajjo, kin ji. Bishiya taki ce, duk garin nan shaida ne. Ƙasa kuma tasa ce, ke da bakinki kika ba shi. Ya zan hana mutum ɗibar ƙasarsa?"

"Ranka ya daɗe, to a kan me za ta tsaya?"

Mai unguwa ya ce ta yi haƙuri, Allah yana tare da masu haƙuri. Kai, haƙuri dai ba ya tsada a bakin wanda ya ƙoshi!

Kwana shida ta yi tana zuwa tun safe ta zauna a gindin ɗorawar, tana zagin leburori, tana jifansu da hoge. Su kuwa 'ya'yan talakawa ne irinta, suna dariya suna cewa, "Inna, ki matsa kada ta danne ki." Rana ta bakwai ta koma gida yin sallar azahar, tana cikin alwala ta ji ƙarar, har ƙasar tsakar gidan ta amsa. Ba ta tambayi kowa ba, ta ajiye butar ta fita.

Ta tarar da ɗorawar kwance a cikin kwari, saiwa a sama, mutane sun taru. Ta gangara da gindi, ta tsinki ɗorawa ɗaya ta ɓare. Ciki fari fat, kalwar ba ta ƙulla ba, ruwa ne kawai. Ta ɓare ta biyu, ta ɓare ta goma, duk haka suke. Ko akuya sai ta yi yunwa za ta ci.

Ta ɗaga kai ta ce to a kira mata Baƙo, itacen dai nata ne. Sai wani dattijo ya yi gyaran murya ya tuna mata abin da ita ma ta sani: a al'adar garin bishiya ta mai ita ce muddin tana tsaye, in ta faɗi da kanta ta zama ta mai gona. Ba wanda ya sare ta, da kanta ta faɗi. Kafin la'asar masu gawayi sun iso da injinsu, Ja'afaru ne ya kira su.

Hajjo tana tsaye aka yanka bishiyar gunduwa-gunduwa. Da za su tashi, Ja'afaru ya matso kusa da ita, kansa a ƙasa, ya nuna tarin ƙananan rassan da masu gawayi suka ƙi.

"Yaya, ki ɗebi ƙirare. Na ce kada kowa ya taɓa sai kin ɗiba."

Kowa yana jiran bakin Hajjo ya buɗe. Ta dube shi, ta dubi tarin. Rabonta da hura wuta kwana biyu ke nan. Ta kwance ɗankwalinta ta yi gammo, ta durƙusa ta fara tsinta.