Tsamiyar da Ƙanwata Ke Dafawa

Ko zan mance komai a duniyar nan, ban ga ranar da zan mance abin da aka yi wa ƙanwata a kan wata tsamiya ba. Ni ba ɗan boko ba ne. Daga aji biyu na sakandare na ajiye littafi na kama faci a bakin titi nan Daura, har yau shi nake yi. Yadda abin ya faru haka zan faɗe shi, wanda zai ji haushi ya ji.

Ita ce autarmu, ita ce kuma mai ƙwaƙwalwar gidan. Aure ya kai ta Ingila, tana aikin kula da tsofaffi. Can ciwon suga ya kama ta. Likita ya gaya mata ƙiri-ƙiri cewa magani kaɗai ba zai riƙe ta ba, in ba ta tafiya kullum, ta ƙafa ciwon zai fara cin ta. Ta ji magana. Kowace safiya kafin aiki sai ta ratsa wani fili a unguwarsu, ta je har wani ƙarfen fitila a ƙarshensa, ta dafa shi da tafin hannu, ta juyo. Shekaru tana haka, jikinta garau.

Sun zo hutun Babbar Sallah ita da mijinta, zazzaɓi ya kwantar da shi, kafin mu ankara mun kai shi makwancinsa. Ta shiga takaba a ɗakin Innarmu.

Takaba umarnin Allah ce, ba ni da ja. Abin da mutane suka ɗora a kanta nake magana. Auta ta ce tunda babu fita, bari ta riƙa zagaya tsakar gida. Ranar farko tsofaffi suka yi mata ca. "Ke! Mai takaba da sauri? So kike ki hana bawan Allah kwanciya a kabarinsa?" Na je na tambayi limaminmu, ya ce wannan ba ya cikin littafi. Na dawo na faɗa, gwaggonmu ta ce faci na sani, in tsaya a faci. Ga kwanuka kuma, kowane gida sai ya aiko: waina, shinkafa, fura an zabga mata sukari. In ta ce likita ya hana, a ce Turai ta sa ta raina abincin talaka. Ta zauna bisa tabarma tana ci don kada ran wani ya ɓaci. Ranar da ta fita takaba, takalminta ya ƙi shiga ƙafarta.

Ta kira ni gefe ta ce, "Yaya, yatsun ƙafar nan ba na jin su sosai. Dole in koma tafiya tun kafin in koma can. Amma ba cikin gari ba, idanu sun yi yawa."

Na ce, "Akwai hanyar Mashi. Ana idar da asuba in ɗauke ki a mashin."

Haka muka fara. Hijabi har ƙasa, kambas a ƙafa, ita a gaba, ni ina tura mashin a baya. Ranar farko ko kwalbatin farko ba ta kai ba, ta zauna a bakin hanya tana haki, sai hawaye. Matar da ke ratsa fili guda ba ta tsaya ba. Na ce, "Auta, tayar da ta daɗe a jingine ba a banka mata iska lokaci ɗaya, fashewa take."

Ta ɗago. "Yaya, ni ce tayar?"

"Ke ce mana. Tsohuwa ma."

Ta yi dariya. Tun rasuwar mijinta ban ga haƙoranta ba sai ranar.

Sannu-sannu ta wuce kwalbatin, ta wuce gonar gero, har wata safiya ta kai wata ƙatuwar tsamiya a gefen hanya. Ta buga mata tafin hannu ta ce, "Na zo!" ta juyo. Tun daga nan tsamiyar ta zama ƙarfen fitilarta. Kumburi ya fara sauka, ta ce yatsun sun fara motsi. Wallahi ni kaina na ji kamar an sauke mini dutse.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne masu wucewa. Mata masu kawo nono, manoma, masu itace. Me suka gani? Mace ba kaya a ka, ba inda za ta, tana wurga hannaye da sassafe, ta je ta dafa tsamiya, ta yi mata magana, ta koma. Kuma kowa a ƙasar nan ya san abin da ake cewa yana zaune a tsamiya.

A wurin facina na fara ji. Wani mai mashin da bai san ni ba, ina cire masa taya yana ba ni labari. "Ka ji 'yar Turan nan da ta ba aljanu mijinta? Kullum sai ta je ta gaishe su." Ƙarfen cire taya na hannuna. Allah ne kawai ya riƙe ni.

Dangin mijin suka aiko da magana mai ɗaci. Kawu, wan Innarmu, ya tara mu a zaure.

"Ina kike zuwa kullum?"

"Ba ko'ina, Kawu. Motsa jiki ne, likita ya ce…"

"Mai hankali yana tafiya ba ko'ina? Duk itatuwan dajin nan ba ki ga na dafawa ba sai tsamiya?"

Na ce to a bar tsamiyar, mu sake hanya, ko ta garin Babban Mutum ce zan kai ta. Ya ce an riga an gani, kuma ni in rufe masa baki. Inna tana kuka ta kama hannunta ta ce, "In kika sake fita wannan tafiyar ban yafe ba." Shi ke nan. Auta ta kalle ni, ta sunkuyar da kai. Kambas ɗin ƙarƙashin gado ta tura su, can ta bar su har ta tafi.

Ta koma Ingila cikin sanyi, ita kaɗai, jiki ya yi nauyi. Na yi ta kiranta ina cewa Inna nan take nufi, ba can ba. Ta ce ta sani, gobe za ta fara. Wata rana ta gaya mini ta je har bakin filin, ta hango ƙarfen fitilar, ta ji kamar duk garin Daura na tsaye a bayanta, ta juyo gida. Wani ɗan ciwo ya fito mata a yatsa, ya ƙi warkewa. Daga yatsa aka fara yankewa. A ƙasan gwiwa aka tsaya.

Yanzu Kawu ma suga ya kama shi, likita ya ce ya riƙa tafiya. Kullum da safe yana bin hanyar Mashi da hularsa da carbinsa, in ya gaji ya jingina da tsamiyar nan ya huta. Masu wucewa na cewa, "Sannu da ƙoƙari, Alhaji." Ba wanda ya ce yana gaida kowa. Yana wucewa ta gaban rumfata, ina gaishe shi, don wan uwata ne.

Kwanan baya ta kira ni, tana zaune a keken guragu. Ta ce, "Yaya, tsamiyata tana nan?" Na ce tana nan. Ban gaya mata wanda ke hutawa a gindinta ba.

Abin da na koya ɗaya ne. In ka ga naka ya tashi yana ƙoƙarin ceton lafiyarsa, ka tsaya masa, kada a tsayar da shi don abin da za a ce. Duk waɗanda suka hana ƙanwata tafiya, har yau da ƙafafunsu biyu suke yawo.