Takardar Izinin da Ba Ta Iske Baba Ba

Har yau ban manta da Litinin ɗin da wata baƙuwa ta shigo ofishinmu na raya al'adu a Bauchi ba. Ina ƙaramin jami'i a lokacin, aikina tarbar baƙi da kai fayil sama.

Sunanta Miren. Darakta ya gabatar da ita a matsayin Baturiyar Sifen, ta gyara masa cikin ladabi. Ta ce ita 'yar Basque ce, mutanen duwatsun da ke tsakanin Sifen da Faransa, kuma harshensu bai haɗa dangi da na maƙwabtansu ba. An taɓa hana shi a makarantunsu, kakarta ta sha duka a kansa. Kowane yanki da irin karin harshensa, shi ya sa suke bin tsofaffi gida-gida suna naɗar muryoyinsu. Abin da ta zo yi a nan ke nan.

Na ce mahaifina a unguwar Gwallaga yana jin harshen Geranci irin na da, wanda ni ko gaisuwa ban iya da shi ba. Yana kwance, amma bakinsa garau.

"Mu je yau," in ji ta.

Darakta ya ce, "Malam Sabo, ina ka taɓa ganin an yi haka? Sai takardar izini ta sauko da hatimi."

"Ranka ya daɗe, Baba fa jikin ya yi nauyi."

"Allah ya ba shi lafiya. Fayil dai sai ya bi hanyarsa."

Hanyar kuwa teburi huɗu ce. Kafin nan aka tara mata masu rawa kwana biyu a harabar ofis, aka ɗinka mata atamfa a kasuwar Wunti, aka yi ta ɗaukar hoto, tana ta duban agogo. In na koma gida Baba ya ce, "Sabo, ina yarinyar? Na tuno waƙar sussuka."

Ya rasu ran Alhamis da hantsi. Takardar ta sauko ran Juma'a, da hatimi har biyu.

Miren ta zo ta'aziyya da na'urarta ta naɗar murya a jaka, ba ta fito da ita ba.

Ban ɗora wa Darakta laifin duka ba. Gida ɗaya nake kwana da Baba, da waya a aljihuna, ni ma na zauna jiran hatimi. Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, in aka ce muku tsoho yana da magana, ku tafi a ranar. Fayil ya biyo ku daga baya.